Turare a Motar Usta Mizhir

Tun daga bakin layi Falih ya gane motar. Fara ce tsohuwa mai lanƙwasasshiyar bamba, kuma wannan ne zuwanta na uku cikin wata guda. Ya ajiye ɗan kofin shayinsa a kan durom, domin ya hango ta gilashin gaba cewa yau akwai mutum a kujerar gefen direba. Tsoho ne da farar hula, kansa ya karkata gefe guda.

"Abu Hatim, ga baƙuwarka ta dawo," in ji Lafta mai gyaran lagireto, wanda shagonsa ke manne da na Falih, bakinsa kuma ba ya hutawa tun safe har rufe kasuwa. "Motar nan ta fi matarka son ganinka."

Haka 'yan layi ke kiran Falih. Ya shiga goge hannunsa da tsumma, alhali babu komai a hannun.

Duk layin makanikai na Basra an san Falih da gyaran esi, na'urar sanyaya cikin mota. In watan Agusta ya kama, iskar teku ta taso da laimarta har riga ta manne wa mutum a baya, motoci kan yi jerin gwano a ƙofar garejinsa, shi kuma yana ratsawa tsakaninsu kamar likita. Amma duk abin da hannunsa ya sani, a wajen tsohon nan ya koya. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka damƙa shi ga Usta Mizhir, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a can. Shekara ashirin ya yi a ƙarƙashinsa, ya ci tuwon gidansa, wato shinkafa da kifin kogin Shaɗɗul Arab, ya sha ranƙwashinsa, har ranar da Usta da kansa ya nemo masa wannan shago ya sa masa albarka.

Shekara uku ke nan da ɓarin jikin Usta ya shanye. Ranar da labarin ya iso, Falih ya ce da yamma zai je. Da yamma aka kawo motar wani babban mutum, ya ce gobe. Gobe ta zama Juma'a, Juma'a ta zama bayan salla. Da aka yi wata shida, sai abin ya juye: yanzu kunyar rashin zuwan ce ke hana shi zuwa. Da wane ido zai shiga gidan? Me zai ce? Haka ya yi ta ɗaukar abin a ƙirjinsa, har ya koyi canza hanya don kada ya bi ta unguwarsu. Mutum ne mai kirki, kowa zai shaida, amma matsoraci ne a irin wannan waje, kuma ya san haka.

Intisar ce ke tuƙi, 'yar Usta tilo, malamar makarantar 'yan mata. Sau uku a mako take kai mahaifinta gashin ƙashi a asibitin da ke ƙetaren kogi. Zuwanta biyu na baya ita kaɗai ta zo, ta ce sanyin motar ya ragu. Duka biyun Falih bai bari ta kashe injin ba. Ya ɗaga bonet, ya jona tukunyar gas, ya ɗura, ya rufe, ya ƙi karɓar ko sisi, ya sallame ta cikin minti biyar kafin ta sami zarafin ambaton mahaifinta. Har wani daɗi ya ji a ransa wai ya yi alheri.

Yau ta kashe injin. Ta fito ta gyara abayarta, fuskarta babu fara'a.

"Barka da safiya, Abu Hatim."

"Barka kadai, Malama Intisar. Ya gida, ya..." Maganar ta maƙale masa.

"Ga shi nan a mota, sai ka tambaye shi," ta ce. "Shekaranjiya a kan gada cunkoso ya riƙe mu. Esin ya ɗauke gaba ɗaya, sai iska mai zafi. Baba ya suma. Wani direban tasi ne ya taimaka da ruwan sanyi muka yayyafa masa. Yau ƙarfe ɗaya ake jiranmu, kuma ba zan sake hawa gadar nan da shi a haka ba. In ba za ta gyaru a nan ba, ka faɗa mini in nemi wani wajen."

Wani wajen. A gaban Lafta ta faɗa, da mai shayi, da direbobi biyu da ke jiran nasu aikin a inuwa. Falih ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

Babu makawa, ya zagaya ta gefen tsohon ya sunkuya a bakin taga. Usta Mizhir ya rame har ƙashin kumatunsa ya fito. An lulluɓe masa cinya da bargo mara nauyi duk da zafin gari, hannun hagu na kwance a kai kamar ba nasa ba. Idanun ne kawai ba su canza ba.

"Usta. Barka da safiya. Ya jiki?"

Bakin tsohon ya motsa a hankali, gefe guda na jan ɗaya. "Falih. Ka yi furfura."

"Na yi, Usta."

"Kai ka ƙara mata gas?"

"Ni ne."

"Sau nawa?"

"Biyu."

Tsohon ya lumshe ido kawai, kuma da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Aka turo motar ƙarƙashin rumfa. Intisar ta ce ba za a fito da shi ba, ɗaga shi aiki ne, kuma ba ya son a yi a gaban jama'a. Falih ya jawo babbar fankar gareji ya saita ta a tagar tsohon, sannan ya ɗaga bonet ya jona gejinsa mai agogo biyu, shuɗi da ja. Ya ce a tayar da injin. Kwamfaresa, wadda ke tura gas ɗin esi, ta kama da ɗan ƙara, allurar jan agogon ta fara hawa, ta wuce inda ya kamata ta tsaya, ta ci gaba da hawa, sai kwamfaresar ta saki. Jim kaɗan ta sake kamawa, ta sake saki.

Bai buƙaci kowa ya fassara masa ba. Gas ya yi yawa. Motar ba ta taɓa neman ƙari ba, shi ne ya yi ta ɗura mata har bututun ya cika ya ƙoshi. A kan hanya buɗaɗɗiya iska na taimaka mata ta daure, amma a cunkoso, rana na dukan ƙarfe, ƙarfin gas ɗin kan hau har kwamfaresa ta kashe kanta don kada ta fashe. Abin da ya faru a kan gada ke nan. Da hannunsa ya sumar da ubangidansa.

Ya tsaya kansa a ƙarƙashin bonet fiye da yadda aikin ke buƙata, don kada a ga fuskarsa. Sannan ya jawo injin zuƙe gas ya rage abin da ya zuba, yana kallon allura tana saukowa har ta zauna daidai. Kwamfaresa ta kama ta riƙe. Ya dafa babban bututun da ke dawowa daga cikin mota, ya ji shi da sanyi ƙarara, har yana zufa.

To ina sanyin ke tafiya? Ya miƙa hannu ta tagar direba ya murɗa fanka har ƙarshe. Ƙugi ya cika motar, amma abin da ke fitowa daga ramukan dashbod bai fi numfashin jariri ba. Sanyi na nan a ciki, iskar da za ta kwaso shi ce ba ta samun hanya. Tun zuwan farko matsalar ke nan, kuma da ya sa tafin hannunsa a ramin nan sau ɗaya da ya gane.

Usta Mizhir yana da ƙa'ida da duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya haddace. Ba a taɓa geji sai an shiga mota an zauna, gilasai a rufe, hannu a ramin iska. Ba a kuma miƙa wa mai ita makulli sai an sake zama haka tsawon shan kofin shayi guda. Falih ya sha mari a kan ƙa'idar nan yana yaro, kuma har yau yana bin ta a motar kowa. A wannan motar ce kaɗai bai bi ba.

Matatar iska tana bayan ɗan akwatin gaban mota ne, daidai gwiwoyin tsohon. Ya buɗe ƙofar, ya ce, "Afuwa, Usta," ya tura kujerar baya, ya durƙusa a ƙasa. Ya kwashe takardun asibiti da ke cikin akwatin, ya sauke shi, ya ɓalle murfin, ya jawo matatar. Da ƙyar ta fito. Abin da ya kamata ya zama fari ya koma baƙi ƙirin, ya yi nauyi, yana danƙo a yatsa kamar kwalta. Ya kai ta hanci. Ƙamshin turaren wuta ne, na itacen ud, ya kama ta har ciki.

A nan ne Shaiɗan ya samu shiga. Mutumin da kunya ta shaƙe tun safe, in ya ga inda zai sauke ta a kan wani, ba ya tsayawa tunani. Falih ya miƙe ya fito fili yana ɗaga matatar sama.

"Lafta, zo ka ga ikon Allah. Shekarata talatin da wani abu a sana'ar nan ban taɓa ganin irin wannan ba."

Lafta ya taho da sauri, ya shinshina, ya fashe da dariya. "Wannan ai sai a yanka ta a sayar a kasuwar turare. Mota ce ko ɗakin amarya?"

"Ka tambaya dai," in ji Falih, muryarsa na ƙara tashi, direbobin nan biyu suna miƙo wuya. "Malama Intisar, kasko kike kunnawa a cikin mota?"

"Ina kunnawa," ta ce a hankali.

"A ina kike ajiye shi? Nan ƙasa wajen ƙafa, ko? Gilashi a rufe, fanka a kunne?"

Ta gyaɗa kai.

"To daidai bakin da motar ke shaƙar iska ke nan. Kullum kina ba ta hayaƙi tana haɗiya, ga mai, ga toka, ga ƙurar gari. Ina iska za ta bi? Ku mata da turare sai Allah. Sau nawa a rana?"

"Da safe kafin mu fita. Da kuma in mun dawo."

"Sau biyu," Lafta ya ce yana tafa hannu. "Ko masallacin Juma'a albarka."

Aka yi dariya. Intisar ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, ta juya tana kallon bango inda tsofaffin bututu ke rataye.

Falih ya koma ya durƙusa da sukudireba don ya kwance fankar ciki, ransa wasai, yana jin ya ɗan dawo da mutuncinsa. Sai da ya cusa kansa ƙarƙashin dashbod, kafaɗarsa na gogar ƙafar tsohon, sannan hancinsa ya kama abin da ke ƙarƙashin ƙamshin. Wari ne da duk wanda ya taɓa jinyar babba ya sani. Gefen bargon ya zame, ya ga ledar da aka shimfiɗa a kan kujera, an naɗe bakinta da kyau an cusa don kada ta fito. A ƙasan kujera akwai jaka da wandon canji a ninke, da ɗan kaskon turare na tagulla.

Sukudireban ya tsaya a hannunsa.

Daga sama muryar tsohon ta sauko, ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Ba don ado take yi ba, Falih. Ba na iya riƙewa. Takan ɗauki abokan aikinta a motar nan in ta ajiye ni. Ni na ce ta riƙa yi."

Falih ya so ƙasa ta tsage. Kunyar da ya ji a gaban geji wasa ce a kan wannan. Shekara uku yarinyar nan tana ɗaga mahaifinta, tana wanke shi, tana rufa masa asiri da ɗan garwashi da itace, shi kuwa da ya ci abincin gidan shekara ashirin ya ɗauki asirin ya ɗaga sama a tsakiyar layi don a yi dariya. Hawaye suka taru masa, ya bar su suka gangara cikin zufa, tunda a ƙarƙashin dashbod babu mai gani.

Da ya fito, Lafta na nan riƙe da matatar yana shirin kai wa mai faci ya gani. Falih ya karɓe ta ya jefa a durom ɗin shara ya rufe.

"Koma shagonka, Lafta."

"Daga wasa?"

"Wasan ya ƙare. Laifin nawa ne. Na ɗura mata gas sau biyu ban duba komai ba, shi ya sa ta ɗauke a kan gada. Matatar iska kuwa, ta kowace mota tana toshewa, aikina ne in duba, ban duba ba." Da ƙarfi ya faɗa, yadda direbobin da mai shayi za su ji. Lafta ya dube shi, ya dubi motar, ya ja silifas ɗinsa ya tafi ba tare da ya ƙara ko kalma ba, abin da ba a saba gani ba.

Sauran aikin Falih ya yi shi baki a rufe. Ya kwance fankar ya wanke fukafukanta da suka yi danƙo. Ya haska tocila cikin ramin, ya ga saƙar ƙarfen da ke yin sanyin ita ma ta sha hayaƙi, ramukanta sun liƙe. Ya fesa mata kumfar wanki ya jira, ya sake fesawa, har ruwa mai launin shayi ya fara ɗiga ta ƙaramin bututun ƙasan mota, ya yi ta zuba har ya koma fari. Ya mayar da fanka, ya zura sabuwar matata, ya ɗaure komai, ya jera takardun asibitin yadda ya same su. Ƙarfe goma sha biyu saura ya gama.

Ya sami Intisar a inda take tsaye tun ɗazu.

"Malama, ki yafe mini. Bakina ya yi abin da bai kamata ba."

Ba ta dube shi ba. "Zan daina kunnawa."

"Kada ki daina. Ki dai kashe fanka in kin kunna, ki bar gilashi ɗaya a ɗan buɗe. Matatar kuma ni zan riƙa canzawa duk wata. Ba sai kin kawo motar ba, ni zan zo gida."

Sai a lokacin ta ɗago. Kallon da ta yi masa na wadda ta sha jin ana cewa za a zo ne. "Gidan yana nan inda ka san shi," ta ce, ta miƙa hannu don karɓar makulli.

"Tukuna," in ji tsohon daga cikin mota. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna kujerar direba. "Bai zauna ba."

Falih ya karɓi kofin shayi a wajen mai shayi, ya shiga, ya ja ƙofa. Ya tayar da injin, ya ɗaga gilasai huɗun har sama. Hayaniyar layi ta yanke, ya rage daga shi sai Usta. Iska ta fito da ƙarfinta, da farko da ɗumi, sannan ta fara sanyaya. Yanzu da aka wanke hayaƙin, babu abin da ke rufe ɗaya warin, kuma Falih ya lura bargon ya jiƙe a tsakiya, sabon jiƙewa. Tsohon ma ya sani. Yana kallon gaba.

Yatsan Falih ya kai kan maɓallin gilashi da kansa. Ya janye shi, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya kurɓa a hankali kamar yadda aka koya masa, ba gaggawa.

Usta Mizhir ya miƙa hannun dama da ƙyar ya buɗe tafinsa a gaban ramin iska. Ya juya bayan hannun, ya sake juyo da tafin, yadda ya yi wa dubban motoci. Ya daɗe a haka.

"Ta yi," ya ce.

"Alhamdu lillahi, Usta."

"Da ka zauna tun ran farko, da ka ji turaren. Da ka tambaye ta a hankali, ku biyu."

"Haka ne."

"Kullum in an buga ƙofa nakan ce mata ta duba, ko kai ne." Ya numfasa, ya mayar da hannun kan bargo. "Daga baya na daina, don na ga tana jin nauyin dawowa ta ce mini mai sayar da gas ɗin girki ne."

Falih ya sake kai kofin baki. Shayin ya ƙare, amma bai ajiye kofin ba. Ta gilashi yana ganin Intisar tana duba agogon hannunta.

"Akwai ɗaki a bayan shago, Usta," ya ce daga ƙarshe. "Da ruwa, da labule. Ba za ka shiga asibiti a haka ba."

"Ina da nauyi," in ji tsohon.

"Na ɗauki kwamfaresar babbar mota a kafaɗa saboda kai, ka manta?"

Ya kashe injin, ya fita ya zagayo, ya ce wa Intisar ta ɗauko jakar. Sannan ya tsaya ya ba layin baya yadda jikinsa zai tare idon mutane, ya naɗe tsohon da bargon, ya sa hannu ɗaya a bayansa ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ɗaga. Ya shirya wa nauyi, sai ya ji babu. Mutumin da marinsa ke jefar da shi ƙasa a da, yanzu bai kai buhun shinkafa ba. Danshin ya ratsa rigar Falih har fata, ya ƙara matse shi a ƙirji, ya nufi bayan shago da shi.